Kwalbar Yajin Illiassou

Litinin, 9 ga Oktoba 2023
Na fita takaba shekaranjiya. Na yi wanka, na ɗaura sabon zane, mata sun yi addu'a sun watse. An ce zan ji sauƙi. Ban ji komai ba, ko nauyin ma ba na ji.

Laraba, 11 ga Oktoba
Shayi da burodi. Da rana ma haka.

Asabar, 14 ga Oktoba, Stains
Na zo Paris wurin Yaya Fatsima, yayar marigayi mijina Illiassou. Ta nuna mini ɗakin da ta share, har da sabon labule. "Mi ya rage miki a Lyon, Raihana? Moctar zai zo da mota ran biyar ga Nuwamba ya kwaso ki da kayanki." Moctar mijinta ke nan. Na ce to. Kwanan nan duk abin da aka ce mini, to nake cewa. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, na ci kamar mai tauna takarda.

Juma'a, 20 ga Oktoba, Vénissieux
Na taso daga aiki, ƙafa ta kai ni gidan abincin ƴan Meksiko na bayan tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, nan unguwarmu a gefen Lyon. Nan muke ci da Illiassou duk Juma'a, don kazarsu halal ce, kuma shi ba ya son wurin da ake sa masa cokula iri-iri. Komai yana nan yadda na bar shi: ledar tebur mai furanni, rediyon da ba ya shiru, ƙaurin masara.

Madam Rosalba, mai wurin, ta rungume ni, wai ta zaci Nijar muka tafi. "Et Monsieur?" in ji ta, wato ina maigidan. Na ce yana wurin aiki. Haka kawai bakina ya faɗa.

Ta kawo tacos, wainar masararsu mai kaza da wake a ciki, ta dire kwalbar yajinsa a gefe. Wallahi na manta da kwalbar nan. Shi ne ya taɓa ce mata barkonon ƙasarsu na yara ne, suka yi ta musu, washegari ya zo mata da yajin da Innarsa ta daka a Maraɗi. Tun ranar take ajiye masa a bayan kanta. Ban buɗe ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba
Na koma. "Yana wurin aiki." Ta ƙunsa masa nasa, ta ce in ce masa ya cika rowar fuska. Ƙunshin yana firji. Ban ci ba, ban zubar ba.

Talata, 31 ga Oktoba
Na haɗa kwalaye. Takalmansa sun ƙi shiga.

Alhamis, 2 ga Nuwamba
Na je wurin Rosalba yau, da niyyar sallama. Ina shiga na ga wani tebur a kusurwa, an jera hotunan tsofaffi, kyandirori, furanni ruwan goro, burodi. A tsakiyarsu kwalbar Illiassou.

Rosalba ta riƙe hannuna. Ashe Biba maƙwabciyata ta shigo sayen abinci ta faɗa mata. Ta ce a garinsu yau ake ajiye wa mamata abin da suke so, kuma shi ɗan gida ne, ba za ta bar shi a baya ba.

Sai na ji muryata ta ce a'a. Da ƙarfi, har masu cin abinci suka waigo. Na ce ta sauke. Fuskarta ta canza, na ga na ɓata mata rai, ita da ta yi don ƙauna.

Na ce, "Madam, mu ba mu ba matattu abinci. Masu rai muke ba, sadaka, ladan ya isa gare shi. Illiassou ya rasu." Tun daga asibiti ban taɓa faɗin haka da bakina ba, kullum wani ke faɗa ina gefe.

Can ta ɗauko kwalbar ta sa mini a hannu, ta nuna mini teburan da haɓa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina barbaɗa wa mutane a faranti, ina cewa su yi masa addu'a, kowa da irin tasa. Wani tsohon Bafaranshe ya shaƙe, sai da aka ba shi madara. Rosalba ta lasa, ta share ido da gefen riga, ta ce har yanzu nasu ya fi zafi. Ƙarya take yi.

Ni ma na sa a nawa. Citta ta yi yawa, kamar kullum. Na ji ta.

Asabar, 4 ga Nuwamba
Na kira Yaya Fatsima na ce Moctar kada ya wahala gobe. Ba wai na fasa ba ne, kwalayen ne ba su kammala ba. Ta ce, "Hmm."

Na kira Innar Illiassou a Maraɗi, mun gaisa, na ce in an sami mai zuwa ta aiko da yaji, kwalbar ta kusa ƙarewa. Ta ce, "Paris za a kai miki, ɗiyata?"

Na ce Lyon.