Jirgin Ƙarshe Kafin Hunturu

Greensboro, 20 ga Oktoba

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara, da ƙafar Mama. Ni da Afnan sai godiya. Masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, sun bar mana firiza cike da shinkafa.

Kin tuna jirgin da Baban Afnan ya ishe mu da labarinsa? Na tsibirin Man, wanda ya hau yana ɗalibi a Ingila: taragon katako mai lantarki, ya haura shekara ɗari yana hawa dutse a hankali. Shekara ashirin da shida yana cewa zai kai ni. Nakan ce masa mutane na kai matansu Umara, shi kuwa tsohon tarago.

Jiya na buɗe aljihun jakarsa, na tarar da tikitinmu na zuwa tsibirin. Ya saya sati biyu kafin rasuwarsa, bai faɗa mini ba. Jirgin ba ya aiki da hunturu, a farkon Nuwamba ake rufe shi. Na duba kalandar jikin firij: kwana uku bayan rufewar zan fita takaba. Ba zan karya masa takaba ba. Baɗi kuma, wa ya ga baɗi? Shi ma ya ɗauka yana da ita.

Ƙanwarki,
Suwaiba

Greensboro, 31 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, a gaishe da Mama.

Hajiya Adjara, wata dattijuwa 'yar masallacinmu, ta zo daga McLeansville, don ta ji ana raɗe-raɗin zan yi tafiya. Na nuna mata kalandar don ta kwantar da hankali. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko a jami'armu ne aka koya mini lissafin takaba da watan Bature. Da yatsu ta ƙirga mini na Musulunci, Malamin masallacinmu ya tabbatar ta waya. Kwana biyar na ƙara wa kaina. Wai ni mai digiri biyu, Yaya.

Jiya na fita takaba. Na yi wanka, na sa turarensa. Kuka bai zo ba sai da na ɗauko rigar sanyinsa, don ya sha faɗa mini iskar kan dutsen ba ta da mutunci.

Afnan na ta danna hon a waje, za ta kai ni filin jirgi. Zan ja ƙofa, in jefa wannan a akwatin gidan waya. Kujerar taga zan bar masa.

Taki,
Suwaiba