Na Kai Ƙarshen Koren Littafinki

Zuwa ga Malama Hauwa, Maman Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba, kuma ta wani ɓangaren hakan ya yi mini daɗi, don da za ki gan ta da kin ɗauko jan biro kin yi mata fata-fata kamar littafin 'yan ajinki. Yau babu mai gyara mini, zan yi rubutuna yadda na ga dama.

Albishirinki, goron kuma na yafe. Mijinki ɗan aji huɗu, telan nan da ke karanta allon kanti yana gumi, ya karanta littafi guda daga bango har bango. Koren nan naki, na direban tanka.

Kin tuna yadda kike ba ni labarinsa bayan la'asar, kina tsintar shinkafa ina ɗinka maɓalli? Direban ya ɓata a hanya, matarsa ta ƙi yarda ya mutu, har ranar da ya turo ƙofa yana ɗingishi da lemo a hannu. Na fi shekara ashirin ina ba mutane wannan labari a shago kamar ni na rubuta shi. To bara Malam Ishaku, akawun cocin nan mutumin Biu da ke kawo mini ɗinkin rigunan mawaƙansu, ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce ya karanta littafin tun yana makaranta, kuma direban bai dawo ba. A gaban mutane fa, Malama! Na ce masa matata ta shekara ashirin da shida tana koyar da yara, ba ta taɓa karanta layi a karkace ba. Ya ce shi bai taɓa marigayiya ba, amma takarda tana nan. Ranar hannun riga biyu na ɗinka a gefe guda.

Da na so, da Falmata ta duba mini cikin minti biyar. Ban ba ta ba. Idan har maganarsa ce gaskiya, ban so 'yarki ta riga ni gani.

Ana haka sai ga ruwan nan da ya ci gari. Ya shigo mana unguwarmu Lamisula har ƙugu. Mutane na ɗaukar katifa da buhun hatsi, ni na ɗora akwatin littattafanki a ka, maƙwabta na cewa Baban Falmata ya zautu. Duk da haka na ƙasa sun jiƙe. Kwana tara ina shanya su a kan kwano, ina raba shafi da shafi da bakin almakashi. Sai na ce wa kaina, kai Garba, tunda ka taɓa kowane shafi da hannunka, ai sai ka ji abin da ke ciki.

Ban fara da koren ba, tsoronsa nake ji. Na fara da gajerun labarai. Waɗannan mutanena ne, kafin shayi ya huce an gama. Amma wasu marubutan ba su da kunya, kana tsakiyar tafiya su sauke ka kamar mai Keke ya ce mai ya ƙare. Akwai na wata tsohuwa da ta kai akuyarta kasuwa ta dawo da ita. Na yi ta juya shafi ina neman saura, na zaci ruwa ne ya cinye, Falmata ta ce haka aka yi shi. Kwana biyu ina jin haushi, a na uku na kama kaina ina tausayin tsohuwar. Na soyayya guda kuwa a rabi na ajiye. Saurayin ya ci shafi goma sha biyu yana kwatanta idon yarinya, ba sana'a, ba komai. Wa ke ciyar da shi? Kuma ke me kika gani a ciki har kika ja layi a ƙarƙashin maganganunsa? Ni ban taɓa ce miki idonki kamar wani abu ba. Ya kamata in ce.

Koren ya ci mini wata biyar. Da yatsa nake bi, bakina na motsi kamar mai lazimi. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na kai ƙarshe.

Malama, direban bai dawo ba. Hularsa kawai aka kawo wa matar. Babu ɗingishi, babu lemo.

Na daɗe zaune gaban keken ɗinki ban taka ba. Sai na tuna lokacin da kika fara ba ni labarin nan, wata uku ke nan da rasuwar ƙanena Sani a hanyar Damaturu, shi ma direba. Ashe kin iso shafin nan, kin dubi fuskata, kin ɗinka mini wani ƙarshen. Ni da nake tela ban ga zaren ba. Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba? Bari, na sani.

Tunda asirinki ya tonu, ga nawa. Finafinan Indiya da nake zuwa silima in dawo in ba ki labari, kin san ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Abin da ba ki sani ba, duk jarumin da ya mutu ni nake tayar da shi a hanya kafin in iso gida, saboda ke mai saurin kuka ce. Wanda na ce miki ya auri 'yar mai gona har sun haifi tagwaye, harbe shi aka yi tun kafin waƙar ƙarshe. Falmata ta kama ni da muka kalli fassararsa a wayarta, don ta tuna yadda kike ba ta shi da tagwayen. Da na ƙara mata da maganar koren, ta yi dariya har ta koma kuka, ta ce ashe a gidan maƙaryata biyu ta tashi.

Na bi Malam Ishaku har ofishinsa. Na ce ya yi gaskiya, takarda tana bayansa, da idona na gani, ba wani ya karanta mini ba. Amma na ce masa marubucin ne bai iya ƙarshe ba, matata ta fi shi. Ya ce in sake ba shi naki. Da na kai wajen lemo sai ya cire tabarau yana goge ido, wai barkono ake soyawa a maƙwabta. Na fito ina taku kamar wanda ya ci jarrabawa.

Akwai farin shafi guda a bayan koren, ruwa ya bar masa tabo. Jiya na rubuta naki a kai, yadda ya turo ƙofa, da ɗingishin, da lemon. Layi goma sha ɗaya, kuskure bakwai in ji Falmata. Har ta ɗauko jan bironki, na hana ta. Duk jikan da ya karanta littafin nan, direban zai dawo masa gida.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Ki tanadar mini labari, amma ki sani yanzu ina iya dubawa.

Naki har kullum,
Garba Tela, Baban Falmata, ɗan aji huɗu da ya ƙara wa kansa aji.