Ƙarfen riƙo na matakalar baya

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce Mamansu ta fara takawa da gwiwar da aka yi wa aiki, amma kada ta kuskura ta faɗi. Matakala uku ce a ƙofar baya, babu abin riƙewa. Na ce ni zan haɗa mata ƙarfen riƙo. Shekara biyu da yin ritayata na sayi injin walda, har yau teburin fulawa kaɗai na haɗa, shi ma ɗingishi yake. Ta dube ni ta ce, "To, Malam." Na san irin wannan to ɗin.

Laraba, 5 ga Maris

Walda ta ƙi. Sandar waldar sai mannewa take, tartsatsi ko'ina, ɗinkin kamar kashin kaji. Laifin sandunan ne, sanyi suka sha.

Alhamis, 6 ga Maris



Wayar ƙasa ta injin waldar ta ƙi kama ƙarfen saboda fenti, sai na maƙala ta a bututun ruwan da ke jikin bango, tunda ƙarfen na jingine da shi. A raina ƙasa ai ƙasa ce. Ina ɗora sanda na ji kofi ya fashe a kicin. Na tarar da Mamansu zaune a kujera, ta riƙe hannu. Ta ce, "Famfon nan ya ja ni." Da kujerar ba ta bayanta, a kan gwiwar za ta zube.

Gwiwar lafiya. Na duba sau uku, har ta ce in ƙyale ta haka. Alhamdulillahi. Na ji tsoro, na ji kunya, kunyar ta fi.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo. Uwarta ce ta kira ta, ba ni ba. Yarinyar da na koya wa ɗaura igiyar takalmi, yau ita ce mai gyaran lantarki a masana'anta.

Ta tsaya tana kallon bututun. Da ma faɗa ta yi. Can ta ce, "Baba, wayar nan hanyar komawar wuta ce. Duk inda ka maƙala ta, nan wutar za ta bi." Ta goge fentin har ƙarfe ya yi fari, ta maƙala wayar a jikin aikin, taƙi ɗaya daga wurin ɗinki.

Sai kuma ta gano na juya wayoyin. Kwalin sandunan ya ce gurbi mai alamar tarawa, ni na jona a na ɗebewa. Na ce haka injin ya zo. Ta ce, "Baba, injin ba ya zuwa a jone."

Ta ɗauki guduma ta buga ɗinkina. Wuri biyu suka ɓalle nan take. Abin da na so uwarta ta jingina da shi ke nan. Sai da na nemi wuri na zauna.

Lahadi, 9 ga Maris

Mun sake daga farko. Ni na yi waldar, ita tana tsaye. Guduma ta kasa.

Talata, 11 ga Maris

Mamansu ta sauka matakala ukun da kanta. Na tsaya a ƙasa da hannuwa a buɗe, ta ce in matsa ina tare mata hanya. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Juma'a, 14 ga Maris

Saura na banɗaki. A waje na shirya haɗa shi, nesa da kowane bututu. Kafin in kunna inji na ɗauki hoton wayoyin da inda na maƙala ta ƙasa, na tura wa Auta. Ba wai tambaya ba ce, nuna mata kawai na yi.

Tana wurin aiki, sai bayan minti arba'in ta amsa. Duk tsawon lokacin ban kunna ba. Mamansu ta leƙo ta taga ta ce me nake jira, tana so ta wanke hannu. Na ce ta wanke abinta, hutawa nake.