Kwanon Yaya Habibu Yana Nan a Rufe

Assalamu alaikum Yaya Habibu, gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan saƙo zai same ka a duk inda Allah ya ajiye ka.

Yaya, ran Juma'ar nan Kawu zai tara dangi a Gaya a kan maganarka. Tunda ka bi motar arewa za ka ƙetare hamada, waya ɗaya ka yi mana, shi ke nan shiru har yau. Kawu ya ce a kai magana gaban alƙali a yanke cewa ka rasu, Hauwa matarka ta yi takaba ta samu mafita. Ni aka ce in lallashi Inna, wai ni ce malamar kimiyya, ni na san abin da hankali zai ɗauka.

Ka tuna gardamarmu a gindin mangwaron nan na garin Toranke? Ni tsohuwar fiziks nake so, wadda ake jefa dutse a faɗi inda zai sauka tun yana sama. Komai da dalilinsa, ba wasa da hankali. Kai kuwa ka dawo daga jami'a kanka ya ɗau zafi da sabuwar fiziks ta kwantam, kana cewa ƙananan ƙwayoyin zarra ba su da wuri takamaimai sai an duba, kafin nan sai dai a ce wataƙila nan, wataƙila can. Na ce maka wannan ai karatun waɗanda suka kasa lissafi ne. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce, "Binta, ke dai duniyar da ba ta ba ki tsoro kike so."

Gaskiyarka. Har yau a aji, idan na zo lissafin dutse, bakina ba ya rawa. Amma na ɗauki lissafin nan na auna ka da shi, shekarun shiru da labarin waɗanda suka dawo, kuma wallahi na tsani amsar da yake ba ni.

Inna kullum da magariba sai ta zuba maka tuwo a kwanon nan naka mai murfi, ta ajiye a ƙofar ɗakinka. Ba mai buɗewa sai da safe. Da ina mata faɗa. Yanzu ni nake hana yara taɓawa, don muddin yana rufe, ba wanda ya isa ya ce ba za ka shigo ba.

Sai dai Hauwa ta rame, Yaya. Mu muna jingine da wataƙila, ita a ciki take zaune, ba aure ba zawarci. Ran Juma'a zan faɗa wa Inna a bar Hauwa ta yi takaba. Ina jin tsoron fuskar Inna, kuma ina jin haushinka.

Kwanon kuwa ba ruwan alƙali da shi, ni zan ci gaba da zubawa.

Allah in kana raye ya juyo mana da kai, in ka riga mu ya haskaka makwancinka.

Ƙanwarka da ta faɗi gardama,
Binta