Kwanon Rana na Inno

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Yau kwana arba'in da rasuwar matata Jannatu. Masu gaisuwa sun watse, gidan ya rage daga ni sai mahaifiyarta, Inno, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye tun bara. Jannatu ce ke mata komai. Ana saura kwana biyu ta cika ta ce da ni, "Malam, kada a mai da ita daji." Na amsa mata, ban tsaya na yi tunanin yadda za a yi ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na je wani asibitin kuɗi na tambayi batun nas mai wuni a gida. Abin da suka yanka a wata ya zarce fanshona na tsohon hedimasta. Na yi godiya kamar mai niyyar dawowa.

'Yata Bashira tana so ta ɗauke ta zuwa Minna. Ɗakinsu a saman bene yake, kuma daga ita har mijinta sai la'asar suke dawowa aiki. Yero, ƙanen Jannatu, ya bugo waya daga rugarsu ta bayan Dukku, can ƙasar Rijau, ya ce matansa za su riƙe ta kyauta. Gaskiya ne. Amma daga can zuwa mai duba hawan jini tafiyar rabin yini ce a babur.

Asabar, 6 ga Yuli

Sista Agatha ta layin bayanmu, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta yarda za ta riƙa zuwa da safe: wanka, magani, karin kumallo, gwajin jini. Abin da ta nema bai fi ƙarfina ba. Da yamma matar maƙwabcina za ta leƙo. Abincin rana kaɗai ya rage a wuyana.

Talata, 9 ga Yuli

Shekara arba'in da uku ina surukin matar nan, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, ita ma ba ta taɓa ganin tawa ba. Haka tarbiyyarsu take, kuma na girmama ta. Ina yin sallama daga bakin ƙofa, in tura kwano kusa da hannunta na hagu, idona a ƙasa, in fita. Bayan azahar in tarar ta rufe shi da faifai ta turo shi waje, babu komai a ciki. Alhamdulillahi, tsarin ya zauna.

Laraba, 17 ga Yuli

Bai zauna ba.

Agatha ta same ni a zaure ina karatu, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Baba Hedimasta, zo ka ga ɗalibar da kake ciyarwa." Na bi ta. Kyanwar gidan ce kwance bayan randa, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace. Ashe hannun hagun Inno rawa yake yi, ludayi ba ya isa bakinta sai ya zube. Don kada in ga ƙazanta a zaninta, ko in san ta kasa, sai ta karkata wa kyanwa kwanon. Kwana goma ke nan.

Agatha ta ce awarwaron Inno yanzu har gwiwar hannu yake zamewa, kuma maganin rana ba a shansa da yunwa. Na ce mata akwai kunya tsakaninmu wadda ba lalle ta fahimta ba. Ta ce, "Mu ma muna da surukai a garinmu, Baba. Amma kai da ita kuna ta ladabi, tsohuwa tana ƙarewa. In ba za ka iya ba, ka kira Yero ya zo da mota."

Ban saba a yi mini magana haka ba. Ban kuma sami abin da zan gyara a cikinta ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na nemi wadda za ta zo da rana. Damina ce, kowa na gona.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na shiga da kwanon fura har tsakiyar ɗaki, na durƙusa. Ta juya fuska bango. Na ce, "Inno, a yi haƙuri, a sha." Ta ce ta ƙoshi. Muka zauna haka har aka yi kiran salla, na tashi na tafi masallaci da nauyin zuciya. A hanya na lissafa mata uzuri, na lissafa wa kaina. Na gaya wa Yero ya shirya zuwa ɗaukar ta a farkon wata. Allah ya gafarta mini, Jannatu.

Lahadi, 21 ga Yuli

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari.

Na jingina ta da matashi kamar yadda Agatha ta nuna mini. Maimakon in zauna gabanta, sai na ja kujera 'yar tsugunno na zauna bayan kafaɗarta, inda ba za ta ga fuskata ba. Na kunna rediyo da ƙarfi domin kada in ji haɗiyarta. Na miƙa ludayi ta gefen kuncinta, ina kallon taga. Hannuna ya daɗe a sama har ya fara ciwo. Sai na ji ta jawo mayafinta ta rufe kai har zuwa hanci. Daga nan ludayin ya yi sauƙi.

Ludayi goma sha ɗaya.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ta shanye kwano. Da zan fita ta yi magana, tana fuskantar bango, kamar da wani take: "Wannan nonon na birni rabinsa ruwa ne." Gobe zan je wurin matan rugar da ke zama bakin kasuwa da kaina.

Agatha ta ce jinin ya sauka. Ta ƙara da cewa kyanwa ta yi fushi da ni. Ban yi dariya a gabanta ba.

Talata, 6 ga Agusta

Yero ya bugo, ya ce ya sami mota ta ranar Asabar. Na ce masa ruwa ya yi yawa bana, hanyar Rijau ba ta dace da mara lafiya ba, a bari sai kaka mu gani. Ya ce ai jiya ma motoci sun wuce lafiya. Na ce duk da haka.

Yau na manta ban kunna rediyon ba. Sai da kwanon ya ƙare na lura.