Ƙullin da Hajo Ta Yi wa Waya

Talata, 3 ga Oktoba, 1989
Shekara uku ke nan wani direba a tashar Malumfashi ya rantse mini wai a Turai injuna na gulma da junansu ta cikin waya. Na ce Allah ya sawwaƙe wa direbobi. Yau ga babban ɗana ya sauke akwatuna biyu daga Kaduna, wai kwamfuta. Ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a shagona. Wai in ya rubuta can, sai ya fito nan. Taku talatin ne tsakani, na auna.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba ma doguwar magana. Haka na taras. Ta bakin uwarsa Hajo na ji ya sami aiki a Legas, ran 23 ga wata zai kama ko a ba wani. Ya kuma rantse ba zai tafi ba sai abin nan ya yi aiki. Taurin kai, na dangin uwarsa.

Asabar, 7 ga Oktoba
Donatus mai gyaran rediyo ya ja waya ta bayan rumbu. "Baba Alhaji, wannan ci gaba ne!" Na ce ci gaba da ɓata yini dai, ana tsakar yankan dawa.

Talata, 10 ga Oktoba
Ba ta yi ba. Sun danna, sun hura, sun musanya bakin waya. Ɗana mai digiri guda da mai rediyo guda, an tsura wa gilashi ido kamar masu jiran ganin wata.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Na gano. Tun ran Lahadi akuya ta tsinke wayar a bayan rumbu, Hajo ta ƙulle ta tamau, irin ƙullin igiyar guga, ta ja kara ta rufe don kada a yi faɗa. Ƙulli mai kyau kuwa. Ban faɗa ba. Wa ya tambaye ni?

Laraba, 18 ga Oktoba
Babban ɗana ya kwance akwatin nan har hanjinsa. Ya rame. Matarsa Nana ta ce ko tuwo bai taɓawa. Ni kuwa ina jin tarinsa kullum da asuba ta katanga, yadda na saba.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Saura kwana uku. Bayan an sauko daga masallaci na tare Donatus. "Kai mai ci gaba, ka taɓa zagayawa bayan rumbu?" Ya dube ni, ya ruga.

Asabar, 21 ga Oktoba
An yanke ƙullin, an narka dalma an haɗa. Da hantsi akwatin shagona ya yi ƙara kamar ɗan tsako, koren rubutu ya fito. Hajo na bakin ƙofa ta ce me ya ce? Na karanta mata: "Baba, gobe zan tafi. A sa mini albarka. Ummaru."
Ta riƙe baki. Na ce karatu nake yi, malama, ba kira ba.
Nana ta nuna mini inda haruffan suke. Yatsa ɗaya, kusan rabin awa, kafin na rubuta masa albarkar. An jera su ba kan gado, harafin A nan, na B can ƙasa. Aikin banza. Amma ya isa can, don na ji an buɗe ƙofar ɗakinsa, an tsaya, an sake rufewa a hankali.