Tsagar da Ta Karkata Hagu

Manawashi, Gombe.

Zuwa ga Yayata Bashira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu na Baba? Allah Ya kai haske kabarinsa.

Na san za ki yi dariya, ki ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin waya. Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, don matata Iklima ko tari na yi a zaure sai ta ji.

Har yanzu ina gyaran lofen taba a rumfar Baba, ko da yake masu shansa sun zama 'yan tsirarun tsofaffi. Duk aikin wasa ne in ban da tsagar baki, 'yar siririyar kafar nan da hayaƙi ke fitowa. Sai ka huda ƙahon da ake yin bakin lofen da shi, ka buɗe ramin a kwance da ɗan zarto, ka bi da magagari, kana yi kana zuƙa da bakinka don ka ji wucewar iska.

Kin tuna da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin jiki, bakinsa ya karkace hagu? Ya ƙi rabuwa da lofensa ko babu taba a ciki, yana ta tauna shi. Duk wanda ya cinye sai in yanka masa sabo, tsagar a karkace yadda zai iya riƙewa. To Yaya, tunda ya rasu hannuna bai ƙara yanka miƙaƙƙiya ba. Zan ja layi, in kafa ido, in yi bisimilla, in na ɗaga sai in ga ta kwanta hagu. Ina ce wa kaina sabo ne turken wawa, amma wallahi tsoro nake ji.

Ki gaida kowa. Ƙaninki, Mu'az.

Manawashi, Gombe.

Yaya Bashira,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Na ga amsarki. Kin ce in yi sadaka in rage shan shayi. Sadakar dai na yi.

Baba Nehemiah na Pantami, aminin Baba da suka yi ƙuruciya tare, ya zo da lofensa ya tsage. Na faɗa masa gaskiya, na ce ya kai wani wuri. Ya yi dariya ya ce duk Gombe wa ya rage a sana'ar, kuma shi ba ya gudun hannun ɗan amininsa Inuwa.

Na ɗauko ƙahon ƙarshe da Baba ya bari, na yini a kansa. Da idona na ga tsagar ta fito sambal, har na nuna wa tela maƙwabcina ya shaida. Amma da tsohon ya sa a baki, sai lofen ya ja leɓensa ya yi hagu. Yaya, fuskar Baba na gani. Har yadda yake ɗan rufe ido ɗaya.

Na roƙe shi ya ba ni in sake. Ya hana, ya ce bai taɓa samun wanda ya zauna masa a baki haka ba. Ya hau keke ya tafi yana ɗaga min hannu, ni kuwa na kasa ko cin abinci.

Ki sa ni a addu'a. Naki, Mu'az.

Manawashi, Gombe.

Yayata,

Ina gaisuwa. Allah Ya sa kuna lafiya, ni dai ga ni nan.

Baba Nehemiah ya faɗi a gida. 'Yarsa Sandra ce ta zo ta faɗa min, na bi ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, dama yana da shi, kuma na yarda, komai sai da ikon Allah. Amma bakin ya koma hagu. Ba ya magana, ga lofen a hannunsa ya damƙe. Sandra har godiya ta yi min, wai duk lofunansa wannan kaɗai yake iya riƙewa yanzu, kamar na san abin da ke tafe. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na naɗe zarto da magagarin a tsumma na rufe rumfar. Na san da ni sana'ar gidanmu za ta ƙare, kuma abin yana min ciwo ƙwarai. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi Baba Nehemiah sau ɗaya na yanka masa. Ni kuwa duk tsagar da na yanka tun rasuwar Baba, bakina ne ya fara zuƙarta.

Na daina duba madubi. Iklima ta ce lafiyata ƙalau, amma ita ko kunnena ya faɗi haka za ta ce. Ke ce ba kya ɓoye min. Don Allah ki shigo mota ki zo. In kin iso kada ki tsaya gaisuwa, ki fara duba bakina tukuna.

Ƙaninki mai jiranki,
Mu'az Inuwa.